Yafiyar da Yayana Ya Yi a Bakin Titi

Yayana manomin rani ne a gonakin da ke shan ruwan kanal tsakanin Kura da Bunkure. Shekarar da abin ya faru tumatir ya yi albarka, har kwandon zubawa sai da ya yi wuya. A keke yake kai nasa bakin titi, inda manyan motoci ke lodi. Nan wani direba ya yi baya bai duba ba, ya bi ta kan ƙafarsa ta hagu.

Ina gidan mijina aka aiko. Kafin in iso an gama komai. Wai jama'a sun yi ca a kan direban, yana ta kuka, sai Yaya, yana kwance cikin jini da ruwan tumatir, ya ɗaga hannu ya ce, "Ku ƙyale bawan Allah. Na yafe masa." Haka ake yi a wajenmu, tun kafin a duba rauni an yafe. Aka yi ta sa masa albarka.

A asibiti likita ya ce ƙashin ya daddatse, sai an yi aiki an sa ƙarfe, in ba haka ba ƙafar ba za ta ƙara ɗaukarsa ba. Kuɗin aikin kuwa ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba.

Wani ɗan'uwan mijina lauya ne, ya zo dubiya. Shi ya faɗa mana abin da ba mu taɓa ji ba: motar tana da inshora, kamfani ne zai biya diyya, ba direba ba. Abin da ake buƙata kawai Yaya ya yarda a shigar da ƙara.

Yaya ya ce a'a.

Na ce, "Haba Yaya! Ƙafarka ce fa, ba kwandon tumatir ba!" Na yi faɗa, na yi kuka, na yi lallashi. Wallahi ranar ji na yi kamar in shaƙe shi, ga shi kuma tausayinsa ya hana ni kallon fuskarsa.

Direban da kansa ya zo, ya durƙusa gaban gado ya ce, "Malam, don Allah ka kai ni ƙara. Ni ba abin da zai same ni."

Yaya ya daɗe yana kallon ƙafar. Ya ce, "A gaban mutane na faɗa, Allah kuma ya ji. In dawo yanzu in ce kuskure na yi?"

Muka ɗauko shi muka kai wa mai ɗori. Ƙafar ta warke a karkace. Da ranin ya zagayo aka saki ruwa, wani ne ya noma gonar. Yaya kuwa yakan dogara sanda ya je bakin kanal, ya zauna yana faɗa wa mutumin inda zai buɗe ruwa.