Furar da Umma Ke Aiko Mini

Ni tun tasowata siririya ce, kuma abin bai taɓa damuna ba sai da na yi aure a Ƙofar Nassarawa. A wurinmu idan amarya ta shekara ba ta yi kumatu ba, magana ce: ko mijin ba ya ciyar da ita, ko tana ƙunsar baƙin ciki tana ɓoyewa. Duk gidan sunan da muka shiga sai an ƙare mini kallo, sannan a juya a kalli Umma, mahaifiyata.

Sai Umma ta fara aiko mini da fura kullum daga Jakara, damammiya da kindirmo. Ina sha har ina lashe ludayi. Kafin azumi ya zagayo na cika na batse, rigunana suka ƙi shiga, mata suna ta cewa aure ya karɓe ni. Ni kuwa cikina kullum a kumbure, ga wani nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, ga kasala.

Da aka yi mini hoton ciki, likitar ta daɗe tana kallon na'urar. Sannan ta ce kitse ya taru a hantata, kumburin kuma mai yiwuwa ƙwayoyin hanji masu taya narkar da abinci ne suka rikice.

"Wane maganin ƙiba kike sha?"

Raina ya ɓaci. Na rantse mata ko na ciwon kai ba na sha.

"To ki binciki abin da kike ci. Idan aka ci gaba a haka, hantar za ta lalace."

Daga asibiti na zarce Jakara. Na tarar da Umma a tsakar gida, ƙwaryar furata a gabanta, tana barbaɗa wani farin gari daga wata robar da ko rubutu babu a jikinta.

"Umma, mene ne wannan?"

Ba ta ko ɓoye ba. "Na ƙarin jiki ne, a kasuwar Kurmi na saya. Mai shagon ya ce itatuwa ne zalla. Ke ba ki ga yadda bakin mutane ya mutu ba?"

Na gaya mata abin da likita ta ce. Na so in yi faɗa, amma uwa ce, sai hawaye kawai. Ta zauna daɓas, ludayin ya suɓuce mata.

"Inna lillahi," ta ce a hankali. "Ƙanwarki."

Ƙanwata tana da tsohon ciki a lokacin, haihuwa yau ko gobe.

"Ita ma kina aika mata?"

"Tata ƙwaryar tun ɗazu ta tafi."

Na kira wayar ƙanwata tana ta ringin ba a ɗauka ba. Umma ta riga ni kaiwa zaure, ko takalmi babu a ƙafarta.