Bushiyar da Ke Zuba Shayi

Kusan wata biyu na yi ban sauko daga bene ba. A hawa na huɗu muke a unguwar Madinat Nasr, can ƙasar Larabawa, ni da yayana da matarsa. Shi yana jami'a, ni kuma ya ɗauko ni daga gida bayan na gama sakandare, ya sa ni makarantar koyon Larabci.

A shekarata ta biyu gari ya rikice. Wata rana ina dawowa daga makaranta, ƙaramar bas ɗin da muke ciki ta ja birki, direba ya ce kowa ya sauka ya yi ta kansa. Ga hayaƙi, ga ƙarar harbi. Wata mata ta faɗi kusa da ni, ban tsaya ba. Har yau ban san ko ta tashi ba.

Daga ranar ko murfin tukunya ya faɗi sai in zabura. Makaranta ta aiko cewa in wata ya ƙare ban koma ba za a cire sunana. Yaya bai yi faɗa ba, ya dai ce, "In ba za ki iya ba, sai in mayar da ke gida. Ba zan zuba ido ki lalace a ɗaki ba." Ni kuwa ba na son komawa hannu biyu.

Akwai wata dattijuwa a ɗakin da ke kallon namu, Bahaushiyar Sudan, muna ce mata Gwaggo. Aikatau take yi a Zamalek, unguwar masu kuɗi. Mai gidan da take wa aiki ya tashi komawa ƙasarsu, ya bar mata kwali guda na tarkace, ciki har da littattafan zane guda shida. Ta dire mini su a kan tabarma.

"Ungo, 'yar boko. Karanta mini."

Na buɗa na ga Faransanci ne. Na ce ban iya ba.

"To me aka koya muku shekara shida? Khalas, shi ke nan, mu kalli hotuna."

Labarin mayaƙan Japan ne na da, waɗanda ake kira samurai, amma duk dabbobi aka zana sanye da riguna. Jarumin wani dila ne mai takobi, yana yawo gari gari. Ni shi nake bi da ido. Gwaggo kuwa ko kallonsa ba ta yi. Shekarunta a aikin gidajen mutane sun sa idonta ba ya sauka sai a kan abin da za a gyara. A littafi na biyu aka yi faɗa a wani shagon shayi, dila ya kashe kuraye uku, ya mayar da takobi kube ya fita.

"Dubi ɗan banza," in ji Gwaggo. "Ya yi tafiyarsa. To wa zai wanke jinin nan? Wa zai kwashe kofunan?"

Ta ɗora yatsa a kusurwar shafin. Sai a lokacin na ga wata 'yar bushiya a ƙarƙashin tebur, ta dunƙule, ido kawai ake gani. Mai shagon ce. Da ni kaɗai ce da na wuce ta.

Daga nan muka bar dila, muka shiga farautar bushiya. Kullum Gwaggo ta dawo daga aiki bayan la'asar sai ta shigo, matar Yaya ta kawo shayi, mu baje littattafan. A littafi na uku bushiyar ba ta fito ba sai sau ɗaya, can baya, an rufe shagon da katako tana leƙe ta tsaga. Na daɗe a kan wannan hoton har Gwaggo ta ce, "Ke, juya mana, ba madubi ba ne."

A na biyar dila ya sake biyowa ta garin. Shago a buɗe, bushiya tana zuba masa shayi. Gwaggo ta kusanto da littafin fuskarta.

"Kin ga tebur? Ta zubar. Mai wannan sana'a ba ta zubarwa haka kawai."

Na duba da kyau. Mai zanen ya yi wasu ƙananan layuka kewaye da hannunta. Rawa hannun yake yi. Littafi uku sun wuce, ba ta warke ba, kuma ga ta tsaye da buta. Shi kuma dila ya kawar da kai gefe, kamar bai gani ba. Na fashe da kuka, irin wanda ban yi ba tun ranar. Da ma ni jira nake tsoron ya tafi tukuna in fita.

Gwaggo ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Gobe da safe zan biyo miki mu tafi makaranta. Kada ki sa ni jira, ni ba direbanki ba ce."

Saura kwana uku wata ya ƙare. A matakala na zauna sau biyu. A cikin bas na riƙe gefen mayafinta har ya yamutse, ita kuwa tana ta ba ni labarin matar sabon mai gidanta da ba ta iya dafa ko ƙwai ba. Da muka zo daidai wurin da aka yi harbin na rufe ido.

"Ma'alish, ba komai, 'yata, rufe abinki. Direba ne ke buƙatar ido."

Ta kai ni har ƙofar aji, ta juya da sauri, don Zamalek da nisa kuma ta riga ta makara. Daga baya na ji an yi mata faɗa sosai, ba daga bakinta ba.

Sa hannun da na yi a rajista ranar ko ni ban gane shi ba. Malama ta karɓa, ta nuna mini wurin zama. Da yamma Yaya ya tambaye ni ko gobe ma za ni, na ce masa ban sani ba. Na je.

Har yanzu in taya ta fashe a titi sai na nemi bango na dafa. Amma na gama makarantar. Ina yi wa Gwaggo addu'a bayan kowace salla, wani lokaci in haɗa da mai zanen nan da ban san ko wane ne ba, wanda ya zauna ya ɓata lokacinsa a kan hannun wata mai shayi a kusurwar shafi.