Ƙafar Bayan Dokin Harnbury

A jikin tudun da ke bayan ƙauyen Harnbury akwai wani farin doki, wanda magabata suka zana ta hanyar ɗaye ciyawa har farin allin ƙasa ya fito. Ba wanda ya san lokacin da aka yi shi. Abin da kowa ya sani, in aka ƙyale shi ciyawa za ta cinye shi. Shi ya sa duk watan Yuni mutanen gari ke hawa da bokitai da guduma, su tuge ciyawa, su daka sabon alli. Kowane gida da gaɓar dokin da yake kula da ita. Gidan Pinnock ne ke da kai, kuma sun ɗauki abin tamkar sarauta. Gidan Maslen kuwa ƙafar baya ta hagu suka gada.

Wilf Maslen ya karɓi ƙafar daga hannun mahaifinsa yana saurayi, ga shi yanzu ya haura saba'in. Makanikin tarakta ne da ya yi ritaya, mutum mai tsabtar aiki har ta yi yawa. Sauran mutane su tuge ciyawa su sauko shan shayi, shi kuwa sai ya bi gefen ƙafar da shebur yana datse bakin ciyawar, don layin ya fito fes. Daga cikin gari ba a ganin dokin sosai, tudun ya yi kusa. Katunan hoton da matarsa Doreen ke sayarwa a shagon shayinta kuma duk daga wani tsohon zane aka buga su.

A shagon Wilf ke wuni, yana tare baƙi da tambaya. Daga ina? Kun shiga cocin? Kun je kangon gidan sarki? Me ake ci a garinku? Doreen takan ce ba don ita ba, da baƙi sun riƙa tafiya da yunwa.

Wata Asabar wata baƙuwa ta shigo da takalma duk taɓo, ta ce sunanta Misis Pickersgill, tsohuwar nas ce. A ƙafa ta ratso kwarin daga Stoke Pennel, ƙauyen da ke fuskantar tudun.

"Dokinku na da kyau," in ji ta, tana yanka kek. "Amma me ya sami ƙafarsa ta baya? Da a asibiti ne, da tuni mun kwantar da shi."

Doreen ta ajiye butar shayi a hankali.

Wilf ya ce, "Wace ƙafar, baiwar Allah?"

"Ta hagu. Ta kumbura suntum, ta kusa biyun 'yan uwanta. Da gangan magabata suka yi ta haka?"

Rannan ne karo na farko da baƙo ya fita daga shagon ba tare da Wilf ya yi masa tambayoyin da ya saba ba. Abin ya tsaya masa a rai. Ba kunyar Pinnock ta dame shi ba. Mahaifinsa ya bar masa ƙafa lafiyayya, shi ne yake son ya san ko da hannunsa ya ɓata ta.

Matsalar ita ce, ɗan Harnbury ba ya zuwa Stoke Pennel. An yi wata rigima kan wasan kurket tun kafin a haifi Wilf, ba mai iya faɗin wa ya cuci wa, amma gabar tana nan da ranta. Wilf ya je ƙasar Sifen hutu sau biyu, amma bai taɓa taka garin da yake hango hayaƙinsa ta taga ba.

"Ɗauko makullin mota, tsoho," in ji Doreen ran Litinin. "Na gaji da ganin ka kana juya cokali a kofin da babu sukari."

A bayan cocin Stoke Pennel akwai benci da ke kallon kwarin, wani dattijo na zaune a kai da karensa. Wilf ya zauna a ɗaya gefen, ya ɗaga kai. Sai ga dokin gaba ɗayansa, wuya a miƙe, wutsiya a iska, yana gudu a kan koren tudu. Wallahi bai san haka yake da kyau ba, har ƙwalla ta cika masa ido. Sannan idonsa ya sauka kan ƙafar. Ashe baƙuwar nan ma kara ta yi masa.

"Kai ma ƙafar kake kallo?" in ji dattijon. "Mu nan shekara da shekaru muna kallon ta tana ƙiba. Marigayiya matata takan ce ko wane ne mai ita, yana ba ta abinci da kyau."

"Ni ne mai ita."

Dattijon ya dube shi sama da ƙasa. "Ikon Allah! Ashe kai ne. Na zaci ƙato ne."

"Me ya hana ku faɗa mana?"

"Yo wa ya tambaye mu? Kuma in mun faɗa, me za mu riƙa yi wa dariya?"

Da Yuni ta zo, Wilf ya hau da baro cike da yankan ciyawa da saiwarta, zai mayar da abin da ya datse. Doreen ta koma bencin can da waya a kunne, ita da dattijon, wanda sunansa Cyril, suna ba da umarni. 'Yan gidan Pinnock suka bar kan dokin suka zo kallo.

"Ƙara ciki," in ji Doreen. "Cyril ya ce har yanzu kamar ƙafar giwa."

Wilf ya durƙusa yana shimfiɗa ciyawa a kan farin allin da ya daka da hannunsa shekara bayan shekara. Kowane yanki ya ɗora sai ya ji zafinsa a ƙirji. Ya matsa ciki kamu ɗaya, ya ƙara wani. Can sheburinsa ya bugi ƙarfe. Ya tona da yatsa, sai ga wasu turaku masu tsatsa a jere, allin shekaru ya binne su. Ya gane su. Yana yaro ya riƙe wa mahaifinsa su yana kafawa, don su nuna iyakar ƙafar. Ya jera ciyawar daidai kansu, ya share zufa.

"Shi ke nan, Doreen. Na iso layin Baba. Haka ya bar mini ita."

Ta wayar yana jin su suna ƙus-ƙus.

"Wilf," in ji ta a hankali, "Cyril ya ce da saura. Wai tun yana makaranta take da ƙiba, kakarsa ma tana yi mata dariya."

Wilf ya zauna daɓas a kan ciyawa, yana kallon turakun. Dariya ta kama shi, hawaye na bin kumatunsa.

"Ashe kai ma, Baba," in ji shi. Sannan ya ɗauki wayar. "Ce wa Cyril nan zan tsaya."