Makon da Kawu Ƙusa Ya Raba Kayan Aikinsa

Kawuna, yayan mahaifiyata, gyaran kujeru da katifu ne sana'arsa tun kafin a haife ni. Kawu Ƙusa ake ce masa a duk layin, har waɗanda suka girme shi, saboda kullum akwai ƙananan ƙusoshi jere a leɓensa. Da su yake gaisuwa, da su yake ciniki. Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai tsawo: gaba keken ɗinki da teburin yankan yadi, baya kuma tarin soso da ƙwarangwal ɗin kujerun da masu su suka manta da su.

A cikin tarin soson nan ɓeraye suka yi gari, ɓerayen kuma suka jawo wata kyanwa mai ruwan toka. Kawu ya sa mata suna Manaja, wai don tana wuni a kan kujera mafi laushi tana kallon mutane suna aiki. Idan ka ce yana kiwon kyanwa sai ya ɓata rai.

"Ni ba na kiwon komai," in ji shi. "Ma'aikaciya ce."

Amma kowace safiya sai ya ɗiba mata madara daga ta shayinsa.

Wata rana aka kawo masa doguwar kujera gyara. Kafin ya kai gare ta, Manaja ta shige ciki ta haifi 'ya'ya huɗu. Kawu ya yi ta yi wa mai kujerar hanya-hanya har wata biyu, yau yadi bai zo ba, gobe soso ya ƙare. Da mutumin ya gaji ya ce zai zo da mota, sai Kawu ya zura hannu yana zaro 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen ya yakushe shi a bayan hannu. Hannun da ya sha guduma da almakashi shekara arba'in, ina zai damu da farcen ɗan kyanwa? Ya goge a wando ya ci gaba da aiki.

Bayan mako guda wani ɗan ƙurji ya fito a wurin. Bayan mako uku kuma kaluluwa ta taso masa a hammata, ta yi girman ƙwai, ga zazzaɓi da kasala. Guduma ma ta fi ƙarfinsa.

Kawu bai gaya wa kowa ba. Wansa da ya rasu shekarun baya da ƙari a jiki ciwonsa ya fara, don haka Kawu ya yanke wa kansa hukunci cewa tafiya ta zo. Sai ya shiga shiri. Babban almakashinsa, wanda ko taɓawa ba ya bari a yi, ya kai wa telan da ke maƙwabtaka da shi. Keken ɗinki ya ce nawa ne. Sannan ya ɗauki bindigar ƙusa, na'urar da yake harba ƙusa a katako da ita, ya tsallaka titi zuwa shagon Dogo, wani mai gyaran kujeru da suka shekara tara ba sa ga-maciji saboda rigimar wa ya kwaikwayi ɗinkin wa.

"Ga wannan," in ji Kawu. "Ka yafe mini, ni ma na yafe maka."

Dogo ya karɓa baki buɗe.

A gida kuwa ya zaunar da matarsa, wadda muke kira Inna, ya ce yana da maganar da ta daɗe tana cin ransa. Madubin ɗakinta da ya fashe shekara goma sha biyu da suka wuce, wanda aka ɗora wa iska laifi, shi ne ya buge shi da katako.

"Na sani tun ranar," in ji Inna. "Malam, me ya sa kake riƙe hannu kamar fiffiken kaza? Ɗaga in gani."

Washegari da safe ta kira ni a waya, muka sa shi gaba sai asibiti. A hanya yana ta yi mini wasiyya a kan yadda ake zuba wa keken mai.

Likitar da ta duba shi matashiya ce mai fara'a. Ta taɓa kaluluwar, ta bi hannun da kallo har ta tsaya a kan ƙurjin da ya fara bushewa.

"Baba, kuna da kyanwa?"

"Ba ni da ita."

"Biyar gare shi," na ce.

Likita ta yi dariya. Ta ce za a ɗibi jini a tabbatar, amma tana kyautata zaton ciwon yakushin kyanwa ne. Ta yi mana bayani a hankali: ƙuma, ƙananan ƙwarin nan masu tsalle da ke shan jinin kyanwa, su ke yawo da wata ƙwayar cuta daga wannan kyanwa zuwa waccan. Ƙwayar tana fita a kashin ƙumar. Idan kyanwa ta sosa jikinta sai ya maƙale mata a farce, idan ta yakushi mutum ko ta lashi ciwonsa sai ya shiga. Ita kyanwar galibi lafiyarta ƙalau, kuma ƙananan sun fi ɗauke da ita. Mai ƙarfin jiki yakan warke, sai dai kumburin yakan ɗauki watanni kafin ya sace, amma mai raunin garkuwar jiki abin yakan yi masa tsanani.

Kawu ya ce, "'Yata, kina nufin ba mutuwa zan yi ba?"

"Ba da wannan ba, Baba, in Allah ya yarda."

"Kashin ƙuma?" Ya juyo ya kalle ni kamar ni na aiko ta. "Duk wannan abin, kashin ƙuma?"

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Gwajin jini ya tabbatar da maganar likita, aka ba shi ƙwayoyi na 'yan kwanaki.

Sai kuma aikin karɓo kaya. Tela ya dawo da almakashi da kansa, yana cewa dama ya yi masa nauyi. Ni ban ma ɗauki keken ba. Dogo ne ya ƙi.

"Ka ba ni a gaban shaidu," ya ce. "In kana so ka yi aiki da ita, ka tsallako."

Kawu ya yi kwana biyu yana huci, a na uku ya tsallaka da kujera a ka. Tun daga nan bindigar take yawo tsakanin shagunan biyu, da butar shayi a bayanta.

Ranar da muka dawo daga asibiti Kawu ya rantse sai ya kori Manaja da zuriyarta. Da gari ya waye sai ga shi ya kira likitan dabbobi. Mutumin ya buɗa gashin Manaja ya nuna masa baƙin gari-gari kamar barkono a fatarta, ya ce kashin ke nan. Ya ɗiga wa kowace magani a ƙeya, ya ce a maimaita duk wata, a kuma fitar da tsohon soson nan domin a ciki ƙwan ƙumar yake. Kwana uku ana fitar da shara daga shagon. A ƙarƙashin tarin aka tsinci tabarau biyu, da rediyo, da wata kujerar da mai ita ya daɗe da barin garin.

Kaluluwar ta yi wata uku kafin ta ɓace. Yanzu akwai sabulu da butar ruwa a bakin shagon, kuma duk wanda kyanwa ta taɓa sai Kawu ya tsaya a kansa har ya wanke wurin. Ya kuma zama likitan layi ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Mutum uku ya tura asibiti a kan kumburin wuya ko hammata. Biyu ciwon haƙori ne. Ta ukun, wata mai sayar da kifi wadda kyanwoyi ba sa rabuwa da rumfarta, ashe ya canka daidai. Ita kaɗai yake ba da labarinta.

Bana ya cika saba'in. Ido ya fara rauni, don haka da safe kawai yake aiki, da rana ta take ya ja ƙofa ya tafi gida ya kwanta.