Zagayen Tafkin Gidimuni da Kabewa a Ka

Tashi daga Zinder

Ƙarfe biyar da minti ashirin na asubar Asabar na fito daga gidana da ke unguwar Birni, sanye da fararen takalman basket, wato kambas, da ƴata Rabi ta aiko mini. Shekarata sittin da uku, na ajiye aikin koyarwa, kuma bana Allah ya kira mu aikin Hajji ni da mai ɗakina Zuwaira. Matsalar ita ce gwiwata ta dama. Rabi, wadda ke aikin jinya, ta dage sai an saya mini keken guragu a tura ni wajen ɗawafi da Safa da Marwa, uwarta kuma ta goya mata baya. Ni kuwa na ce mutumin da ya yi shekara talatin da biyar a tsaye gaban allo ba za a tura shi gaban Ka'aba kamar buhun gero ba. Da gardama ta yi tsawo sai muka yi yarjejeniya: in na zagaye tafkin Gidimuni da ƙafata a wuni ɗaya, an bar maganar keke. In na kasa, na yarda ba ƙorafi.

Shaidan da Zuwaira ta zaɓa shi ne Ilu, taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, baduku ne a kasuwa. Ta zaɓe shi ne don ta san tun muna yara ba abin da ke faranta masa rai irin ya ga na ji kunya. Na same shi a tasha yana shan shayi, ya dubi ƙafata ya dubi fuskata.

"Mushe, wannan takalmi na tafiya ne ko na ɗaurin aure?"

Mushe, wato malam da Faransanci, shi ne sunan da duk garin ke kirana da shi tun ina malamin lakkol, makarantar boko. Muka yi sallah a masallacin tasha, muka biya sefa jikka ɗaya da rabi kowa, motar hiyas ta cika ƙarfe bakwai saura kwata.

Hanya

A bariyar bakin gari wani jandarma ya karɓi katunanmu, ya tambayi inda muka nufa. Na ce Gidimuni, zagaya tafki. Ya ce, "Wani abu ne ya faɗa muku ciki?" Na ce a'a, zagayawa kawai zan yi in dawo inda na tashi. Ya daɗe yana duban hoton da ke katina, sannan ya miƙo mini ya ce Allah ya ƙara lafiya, da irin muryar da ake yi wa wanda ke buƙatarta.

Mirriya, kilomita goma sha takwas, ƙarfe bakwai da ashirin da biyar. Mun sha kunu da ƙosai a tsaye yayin da ake ɗaura buhunan albasa bisa mota. Daga nan ba mu sake tsayawa ba sai Gidimuni, wajen kilomita saba'in daga gida, ƙarfe tara saura minti goma.

Wanda bai taɓa zuwa ba, ga yadda wurin yake. Kana cikin rairayi da ƙaya sai ka hango kore shar a ƙasa, bishiyoyin dabino sun yi layi, ruwa na walƙiya a tsakaninsu. Tafkin bai yi zagaye kamar faranti ba, lungu-lungu ne, nan ya shiga cikin lambu, can ya ja baya ya bar farin yashi. Na ji daɗi har raina. Na kunna abin da Rabi ta sa mini a salula mai auna nisan tafiya, na yi bisimilla, ƙarfe tara da minti goma daidai.

Lambun Malam Brah, kilomita uku

Awa ta farko ban san ina da gwiwa ba. Hanya ta bi bakin ruwa ƙarƙashin inuwa, masunta na kwance bisa gora suna jan koma, tsuntsaye farare na tashi gabanmu. Har na fara tsara maganar da zan faɗa wa Rabi.

A lungun farko muka iske wani dattijo yana ban ruwa, sunansa Malam Brah. Ba a wuce mutum a lambunsa ba sallama, don haka muka tsaya, aka yi ina kwana, ina sanyi, ina iyali, ina aiki. Sannan ya tambayi wurin wa muka zo. Na ce ba wurin kowa ba. Ya ce to me muke saye. Na ce ba komai. Ya dubi takalmana ya ce, "Ko ku ne mutanen froje masu awon filaye?" Na ga fuskarsa ta fara canzawa, shi kuwa Ilu maimakon ya yi shiru sai ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Maniyyaci ne, bana zai sauke farali. Ƙafa yake gwadawa."

Nan take Malam Brah ya ajiye guga, ya kama hannuna da hannu biyu, ya koma kirana Alhaji tun ban je ba. Ya ce ɗansa na Aljeriya wata bakwai ba labari, in na isa gaban Ɗakin Allah in ambaci sunansa, Sani. Na ciro ƙaramin littafina na rubuta. Kafin in rufe ya sari rake sanda huɗu ya ɗaure da kaba. Na yi godiya, na juya zan miƙa wa Ilu.

"A'a Alhaji," in ji Malam Brah. "Guzurinka ne. Da hannunka za ka riƙe, ya sha albarka."

Ilu ya maida hannayensa baya ya ce, "Ka ji ko? Ni shaida ne, ba ɗan dako ba."

Da muna tafiya na waiwaya na ga Malam Brah ya kara salula a kunne yana nuna mu da hannu. A lokacin ban gane abin da hakan ke nufi ba.

Farin yashi, kilomita biyar

Ashe surukinsa ya kira, surukin ya kira wani. Duk lungun da muka shiga sai mu tarar ana jiranmu. A bakin wani farin yashi inda mata ke wanki, wata tsohuwa mai suyar kifi, Iya Falmata, ta tare mu da gaisuwar Barebari, wushe wushe, ta naɗe mini karfasa shida a takardar siminti. Ita roƙonta idanunta ne da suka fara hazo. Gaba kaɗan wani ya ba ni rogo, ya ce a roƙa masa haihuwa. Wani ya ba ni dabino cikin jakar kaba, ya ce shi dai awakin maƙwabcinsa su daina shiga masa lambu. Na tambaye shi ko ya yi wa maƙwabcin magana, ya ce ya yi har ya gaji, shi ya sa ya kai ƙara sama.

Mai karatu zai ce me ya hana ni cewa na gode, ku bar shi. Ban iya ba. Mutum ya ciro abu daga gonarsa ya ɗora maka buƙatarsa a kai, in ka ƙi kayan kamar ka ƙi addu'ar ne. Na gwada sau ɗaya, na ce wa wani kaya sun yi mini nauyi, sai ya ce to bari ya rage, ya cire tumatir biyu ya ƙara albasa.

Kabewar a kilomita shida ta same ni. Wani saurayi mai shirin aure ne ya gangaro da ita, girmanta ya kai tulu. Ba hannun da ya rage, don haka Iya Falmata, wadda ta biyo mu rakiya har nan, ta karɓi rawanina ta yi gammo ta aza mini ita a ka. Ilu ya ja da baya ya ɗauki hoto.

"Ilu, in ka tura wa wani hoton nan ban yafe ba."

"Mutum ɗaya kawai na tura wa, Mushe. Shi ne dai ban san bakinsa ba."

Cikin kacalla, kilomita takwas

Mun yi azahar bisa wani tudun rairayi, muka ci kifi biyu, na sha raken da na iya don in rage kaya. Daga nan ana hango garin Gidimuni a ƙetaren ruwa, kusa ƙwarai a ido. Na ce mu yanke ta cikin kacalla, dogayen ciyayin nan na bakin ruwa, maimakon mu bi bayan tudu. Ilu ya ce bai ga sawun kowa a wurin ba. Na ce shekara talatin da biyar ina koyar da taswira.

Taku goma na yi laka ta kama ni har ƙauri. Na ciro ƙafar hagu da takalminta, ta dama ta fito ita kaɗai. Muka yi ta lalube ba mu same shi ba, takalmin Rabi yana can har yau. Muka koma muka bi bayan tudun da na raina, ƙafa ɗaya basket, ɗaya safa. A bakin tudun kuma wani mutum na tsugune yana jiranmu da zakara ja, an ɗaure masa ƙafafu. Shi mahaifiyarsa ce ba lafiya. Na rubuta sunanta, ita ce ta goma sha ɗaya a littafin, na rataya zakaran a kafaɗa.

Inda ƙafa ta tsaya

Ƙarfe uku da minti ashirin, salula na nuna kilomita tara da ɗari huɗu, gwiwata ta ce ta gama. Ba ta yi mini gargaɗi ba. Ina hawan wani ɗan tudu sai na ji kamar an soka mini allura, na durƙusa, kabewa ta gangara har bakin ruwa, zakara ya hau kuka. Na yunƙura sau uku ban tashi ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Ilu bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya riƙe kafaɗata ya ce, "Zauna, Habu." Rabon da ya kira ni da sunana tun rasuwar mahaifiyata.

Ya samo wani mai amalanken shanu da ke ɗaukar taki, suka ɗora ni da kayana. Haka na shiga Gidimuni, zaune bisa buhun taki, rungume da kabewa. Na ji baƙin ciki sosai, har ban iya amsa gaisuwar mutane ba.

A inda muka tashi da safe Ilu ya karɓi salulata ya duba, ya matso kusa da kunnena.

"Ka ga, ta rubuta kilomita goma sha ɗaya da rabi, zagaye ya cika. Wannan abu bai san amalanke ba. Ni ne shaida, in na ce ka gama, ka gama."

Wallahi na so. Tun daga Gidimuni har Mirriya ina juya maganar a raina, zakara na ƙarƙashin kujera yana saran ƙafata. Sai na ciro littafin don in gyara sunayen da laka ta ɓata. Ga Sani na Aljeriya, ga idanun Iya Falmata, ga mahaifiyar mai zakara. Mutum goma sha ɗaya sun ba ni amanar buƙatunsu, in kai musu wurin da ba su da halin zuwa. Na ce wa Ilu ba zan ɗauki wannan kaya in hau hanya da ƙarya ba. Ya ce dama ya san haka zan ce, shi ya sa ya yi tayin ba fargaba.

Gida

Ƙarfe shida da kwata adaidaita ta sauke mu a ƙofar gida. Zuwaira na tsakar gida tana tankaɗe. Ta dubi safar ƙafata, ta dubi zakara. Hoton kabewa ya riga ni isowa.

Na ce, "Ban gama ba. Saura kilomita biyu aka ɗauko ni a amalanke. Ku sayi keken."

Ta kawo ruwan zafi ta zauna tana gasa mini gwiwa. Can na ce abin da ke ci mini rai ba keken ba ne, wani baƙo ne da ban sani ba zai riƙa tura ni yana duban agogo.

"Wa ya ce maka baƙo ne? Ni zan tura ka, Malam."

"Ke? Da wane ƙarfin?"

"Wata biyu ke nan na sallami mai ga-ruwa. Kullum in ka tafi masallaci da asuba, ni ke tura kurar ruwa daga famfo, jarka shida. Na tambayi Rabi nauyinka, yanzu saura jarka ɗaya in kai."

Shekara talatin da takwas muna tare, ban san akwai ranar da zan yi hawaye gabanta a kan jarkar ruwa ba. Ilu ya ɗauki rake ɗaya ya fita ba sallama.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina godiya ga mutanen Gidimuni, sunayenku na nan a littafi kuma in sha Allahu za su isa. Ina godiya ga mai amalanken da ban ko tambayi sunansa ba, da Ilu, wanda har yanzu bai goge hoton ba. Washegari da hantsi na kira Rabi na ce ta sayi keken, amma ta nemi wanda ya fi kowanne rashin nauyi. Ni kuma daga ranar na rage tuwon dare, don a sauƙaƙa wa mai turawa.