Jana'izar da Ta Wuce Ni

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina dillancin albasa a kasuwar Malanville, sana'ar da ba ta yiwuwa sai da kunne da baki. A ƙarshen wata damina zazzaɓi ya kwantar da ni mako biyu. Da na farfaɗo sai na ga bakin matata yana motsi, ba na jin komai. Lokotoro ya rubuta mani a takarda cewa kunnen dama ya mutu, na hagu ma saura kaɗan.

Muna da fada a gindin wata bishiyar bedi kusa da tashar kabu-kabu, mu bakwai, tun muna samari muke shan shayi tare. Da farko abokaina sun yi ƙoƙari. Wannan ya ɗaga murya da Hausa, wancan ya maimaita da Dendi, sai ka ce harshen ne ban iya ba. Wata biyu suka gaji. In aka kwashe da dariya na tambayi abin da aka ce, sai a kaɗa mani hannu, a ce ba komai.

Mutum ɗaya ne bai gaji ba, aminina, direban kamyo, babbar motar kaya, mai kai albasa Kwatano. Shi ya gano in ya zauna ta haguna, ya fuskance ni, ya yi magana sannu-sannu, ina kama rabi. Duk labarin gari daga bakinsa nake samu.

Wata Talata da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a tasha, kafin azahar rai ya yi halinsa. An yi sanarwa da lasifikar masallacin unguwarmu. Ni ina ƙofar gida ina ɗinkin buhu, matata ta ƙetara Gaya duba yayarta. Na ga jama'a suna wucewa, har da uku daga cikin 'yan fadarmu. Na ɗauka ɗaurin aure za su, na ɗaga musu hannu ina murmushi. Su ma suka ɗaga mani, suka wuce.

Sai washegari da matata ta dawo ta kama hannuna ta faɗa mani. Na tafi gaisuwa. Yayan marigayin ya dube ni, ya buɗe baki sosai yadda ba zan kasa ganewa ba.

"Kowa ya zo, Malam. Ban da kai."

Na tambayi 'yan fada me ya hana su tsayawa su taɓa ni. Kowa ya ce ya zaci wani ya faɗa mani. Ɗayansu ya rubuta a bayan kwalin shayi: ai duk gari ya ji. Daga baya suka shirya cewa kullum wani zai biyo ya ba ni labari. An yi haka kwana goma.

Bara wata ƙungiya ta kira taron waɗanda suka rasa ji da girmansu. Mai jawabin ya yi Faransanci awa guda, ya ba mu baya yana rubutu a allo. Aka ɗauke mu hoto, aka sallame mu. A bakin ƙofa wani dattijo daga Madekali, wanda injin casar shinkafa ya cinye wa kunne, ya taɓa kafaɗata ya tambaye ni ko na gane wani abu. Na ce a'a. Ya ce shi ma haka.

Yanzu duk Juma'a yakan hau kabu-kabu ya zo, mu zauna a zaurena fuska da fuska, mu yi ta maimaita wa juna magana ba mai jin haushi. Mutumin kirki ne, amma bai san ni ina da kunne ba, bai taɓa ganina cikin buhunan albasa ina ciniki da mutum uku lokaci guda ba. Waɗanda suka san ni a haka suna nan gindin bedi, tafiyar minti biyar daga gidana. Har yau ba wanda ya taka ya tambayi dalilin da na daina zuwa.