Taku Huɗu Daga Kwarin Yashi

Kafin zakara ya gama gyaran murya, Don Crispín Fleitas ya riga ya saɓa ƙarfen haƙa ya shiga filin golf ɗinmu na bakin kogin Paraná. Shekara talatin da takwas ke nan yana wannan sammako. Aikinsa rami ne, goma sha takwas kowace safiya, faɗin kowanne bai wuce tafin hannu ba. Ya yanki sabo, ya toshe na jiya da curin ciyawar, ya danna da ƙafa har ka kasa nuna inda tsohon yake, ya kafa tuta ya wuce. Masu zuwa da hantsi cikin fararen huluna, ina jin tsammani suke ramin da kansa yake tashi ya sauya wuri. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa na ce a yaba masa tun yana ji da kunnensa.

Ba mai daɗin sha'ani ba ne da safe, wannan kam ba sharri na yi masa ba. Ka gaishe shi yana auna rami, sai ya amsa maka bayan ya kai na gaba. Matarsa Ña Petrona takan ce da ciyawa aka ɗaura masa aure, ita rakiya ta zo. Amma da zarar rana ta take, ya zauna gindin mangwaro ya zuba terere, shayinmu na ganye mai sanyi, kofin nan sai ya zaga kowa, daga mai shara har mai kulob.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru shekara uku da suka wuce, kuma daga bakin Eulalio na ji, direban da ya yi shekara ashirin yana zagawa da Don Crispín cikin fili.

Gasar ƙwararru ta yankinmu ta zaga Chile da Ajantina da Uruguay a waccan kakar, ta zo ƙarewa a filinmu. Biyar na sama ne kaɗai ke haurawa babbar gasa ta ƙetare. Na shida kuwa Aníbal Cardozo ne, ɗan unguwarmu, shekara talatin da huɗu, kaka tara yana bin gasar nan a motar haya. Ya riga ya yi wa matarsa alkawari, in bana ma bai haura ba zai haƙura ya dawo gida. Don Crispín ne ya riƙe shi a coci ranar baftisma, shi ya sassaƙa masa sandarsa ta farko da reshen gwaiba.

A lokacin gasa ba mai haƙa ke zaɓen wuri ba. Alƙaliyar gasa ce ke zagawa da yamma, ta ɗiga fenti inda ramin gobe zai zauna, Don Crispín na biye yana kallo. Ranar Asabar bayan ta tafi aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wayewar Lahadi, ranar ƙarshe, ɗigon rami na sha bakwai ya wanke tas, don a gangara yake. Ita kuma alƙaliyar, ruwa ya shanye gada, tana can ƙetare.

Ta waya ta ce, "Don Crispín, takardata ta jiƙe, kuma ban tuna ba. Haƙa inda ka ga ya dace, ka faɗa mini taku nawa in sa a buga wa 'yan wasa."

Shi kuwa ya tuna sarai. Can baya ta dama ne, taku huɗu daga kwarin yashi, tarkon nan da ke kama ƙwallo. Kuma duk garin nan an san ƙwallon Aníbal hagu take lanƙwasawa. Rami a dama bayan yashi, shi ne abin da ya fi ba shi wuya.

Eulalio ya kashe mota ya ce, "Tsoho, ai Allah ne ya wanke maka fentin nan. Matsa hagu taku shida. Ni yau makaho ne."

"Makaho kake tuƙa ni?"

"Ɗanka ne fa."

"Kai za ka gaya mini? Ni ya jiƙa wa rigar coci."

"To ai matar ta ce inda ka ga dama."

Eulalio ya rantse cewa tsohon ya taka zuwa hagun, har ya dasa bakin ƙarfen a ciyawa, ya tsaya ya daɗe. Yana son yaron nan kamar ransa, kuma ya san wannan ce damarsa ta ƙarshe. Can ya ɗaga ƙarfen.

Ya ce, "Mutumin Uruguay ɗin da ke na biyar, shi ba shi da uba ne? Ruwa ciyawa ya wanke, bai wanke idona ba. Can ta ɗiga."

Ya ƙirga huɗu daga yashi, ya haƙa.

Da la'asar Aníbal ya iso na sha bakwai kunnen doki da mutumin Uruguay. Ya nemi tutar, ƙwallo ta faɗa yashi. Bugu ɗaya ya rasa a nan, da bugu ɗayan nan kuma ya ƙare kaka a na shida. Don Crispín yana bayan jama'a, hula a hannu, bai jira rami na ƙarshe ba.

Bakin Eulalio ba ya riƙe ko ruwan sanyi. Kafin rana ta faɗi labari ya zaga, har Ña Petrona ta aiko wa Don Crispín cewa yau ya nemi tuwonsa wajen alƙaliya. Yana rumfar kaya yana wasa ƙarfe sai ga Aníbal, ko takalmin wasa bai cire ba. Ya haɗa tafin hannu kamar yadda yaranmu ke yi gaban manya.

"Baba, sa mini albarka."

"Ka ji abin da na yi?"

"Na ji. Amma huɗu, Baba? Ko biyar ba za ka ba ni ba?"

"Huɗu ta ɗiga."

Aníbal ya yi dariya, hawaye na zuba. Ya ce, "Na yi fushi a hanya, ba zan ɓoye maka ba. Sai na ga da ka matsar, da na je can ƙetare da ramin da ba nawa ba."

Tsohon ya ɗora masa hannu a ka. Aníbal ya cika alkawari, yanzu koyarwa yake a filinmu, kuma kullum da rana yana gindin mangwaro yana jiran kofi ya zo kansa.

Kai ne, Don Crispín, mai awo ɗaya ga ɗa da baƙo. Ba a taɓa kiran sunanka a lasifika ba, amma duk wanda ya ɗaga kofi a filin nan a raminka ya ci shi. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Mu kuma da ke riƙe da aikin da ba mai leƙawa, da malamin asibiti da mai awon hatsi da ni mai rubutu, ga wanda za mu bi.

Makon jiya na tambaye shi ko abin ya wuce masa. Ya ce, "Ina fa. Kullum na zo na sha bakwai sai na ji shi a ƙirji. Amma ko gobe aka maido safiyar nan, nan zan haƙa."